Haƙorin da Aka Samu a Aljihun Malam Vandi

Cikin shekaru talatin da biyu da na yi a sashen haƙori, ranar da har yau ba ta fita raina ba ita ce wata Talata a shekarar 2015, lokacin da wani sufeton 'yan sanda ya shigo ɗakin aikina riƙe da ambulan. Ku da kuka kama aiki bayan na yi ritaya kun ji gutsattsarin labarin a bakin mutane. Gara ku ji shi daga bakina, har da wurin da na yi kuskure.

Ga wanda bai san aikinmu ba, ni ba likita ba ne. Likita shi ke duba bakin mara lafiya, ya cire haƙori ko ya cike shi, shi ne kuma ke sa hannu a duk takardar da za ta fita daga sashe. Ni ma'aikacin fasahar haƙori ne. Likita zai ɗauko awon bakin mutum ya turo mini, ni kuma in haɗa masa haƙoran roba da za su zauna daidai. A makaranta sai da muka sassaƙa kowane haƙorin ɗan Adam da kakin zuma, talatin da biyu na babba, ashirin na yaro, har hannunmu ya haddace su. A shekarar da nake magana ni ne babba a ɗakin haɗa haƙora. Shugabar sashen gaba ɗaya kuwa Dakta Rifkatu ce, 'yar kudancin jihar nan. Na girme ta da kusan shekara goma, amma ba ta taɓa bari girman ya shiga tsakaninmu da ƙa'idar aiki ba.

Kun san yadda Jimeta take a wancan lokaci. Mutanen Madagali da Michika da Mubi sun cika gari, wasu a gidajen 'yan uwa, wasu a makarantu da coci-coci da gine-ginen da ba a gama ba. Mu ma a gidanmu na Limawa iyali biyu muka saukar. Bayan tashin bam a kasuwa, ba mai shiga ko'ina sai an laluba shi, kuma duk baƙon fuska abin zargi ne.

Ƙa'ida ita ce, idan 'yan sanda suna son a duba musu wani abu, wasiƙarsu za ta je wurin shugaban asibiti, shi ya tura wa shugaban sashe, shugaban sashe ya duba ya rubuta rahoto. A ranar Dakta tana wurin taro, wasiƙar kuma ba ta riga ta sauko ba. Sufeton, wani mai suna Garba, ya ce mutanen waje sun nuna masa ni. Abin da ya kamata in yi shi ne in ba shi kujera ya jira. Ban yi haka ba. Na karɓi ambulan na zazzage a kan tire.

Haƙori ne guda ɗaya, ƙarami, baƙi wuluk yana sheƙi, mai faɗin baki kamar na gaba, ba shi da saiwa.

Sufeto ya ce, "Oga, so muke ku faɗa mana, na mutum ne ko ba na mutum ba?"

Na juya shi da ɗan hantsaki sau biyu, na ce, "Wannan ai kamar haƙorin gaba na yaro ne, irin wanda ke fita lokacin famfara."

Da na faɗi haka ina nufin siffarsa ce kawai, don haƙorin famfara ma ba ya fitowa da saiwa. Ban lura ba ashe kofur ɗin da ke tsaye bayan Sufeto ya rubuta maganar a littafinsa.

Sai bayan nan Sufeto ya ba ni labari. Ranar Litinin 'yan banga da ke binciken mutane a ƙofar kasuwa sun samu abin a aljihun wani ɗan gudun hijira mai suna Vandi, a naɗe cikin takarda. Kafin a ankara jama'a sun taru, wasu na cewa matsafi ne, wasu na cewa ɗan leƙen asirin 'yan daji ne. Da ƙyar 'yan sanda suka fitar da shi. Shi kuwa magana ɗaya yake ta maimaitawa, wai a cikin dutse ya same shi, a wurin da yake fasa dutse bayan Nassarawo. Ba wanda ya yarda.

Da azahar Dakta ta dawo, wasiƙar ta iso teburinta, aka bar mana haƙorin bayan an sa hannu a littafin karɓa. Muka zauna muka duba shi yadda ya kamata tun farko. Ya fi haƙorin yaro nauyi sosai. Baƙinsa ba dauɗa ba ce ko tabon goro, haka jikinsa yake. Bayansa yana da wani lotsawa da ban taɓa sassaƙa irinsa ba. Ƙasansa rami ne cike da wani abu mai launin toka, na sa ƙarfen kankara ya ƙi motsi. Muka ɗauke shi hoton ciki da na'ura, ya fito fari fat, ba alamar hanyar jijiya irin ta ɗan Adam. Kafin la'asar mu biyu mun tabbata ba na mutum ba ne.

Dakta ta kira Sufeto ta faɗa masa. Ina jin muryarsa ta waya. Ya ce shi ya ji, amma mai gidansa a ofis ya riga ya karanta cewa babban ma'aikacin asibiti ya ce na yaro ne. Yanzu kuma an ce ba na mutum ba ne. To na mene ne? Idan rahoto bai faɗi sunan abin ba, ranar Litinin mai zuwa za a tura mutumin hedikwata tare da fayil ɗinsa. A wancan lokaci kowa ya san wanda aka tura can da irin wannan zargi ba ya dawowa da wuri.

Da ta ajiye waya ta rufe ƙofa, ta ce, "Malam Buba, me ka faɗa musu da safe?"

Na faɗa mata. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce kawai, "To, ni da kai za mu nemo sunan abin nan."

Ranar Laraba na kwashe littattafan da ke sashen na bi su shafi-shafi. Na kai hotuna wurin wani abokina likitan dabbobi, ya ce ba na akuya ba ne, ba na kare ko jaki ba, ba kuma na biri ba. Da na dawo na tarar da wata mata a kan bencin marasa lafiya, ba ta da kati. Ma'aikaciyar jinya ta ce tun safe take nan, ni take jira. Matar Vandi ce, sunanta Masi. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba, mijina malamin firamare ne a gida. Dutse ya fasa, abin nan ya fito a ciki. Ya ce zai ajiye ya nuna wa yara in mun koma. Shi ke nan laifinsa."

Ban iya gaya mata cewa bakina na cikin abin da ya riƙe mijinta ba. Na ce ta koma gida, muna ƙoƙari.

Maganarta ce ta sa na tsaya na yi tunani. Kwana biyu ana cewa mutumin ya ce daga dutse ya fito, ni kuma ban taɓa ɗaukar maganar a matsayin bayani ba, na ɗauke ta a matsayin abin da wanda aka kama ke faɗa. Ina cikin wani zaure na intanet na masu irin aikina daga ƙasashe daban-daban, inda muke tambayar juna kan kayan aiki. Dakta ta nemi izinin Sufeto, ya yarda a sa hoto muddin ba a ambaci suna ko maganar 'yan sanda ba. Na fita bakin ƙofar asibiti inda sabis ya fi ƙarfi, na tura. Kafin a tashi aiki wani ya amsa cewa wannan ba aikinmu ba ne, ya yi kama da haƙoran halittun dā da suka daɗe a ƙasa har suka zama dutse. Ya ba ni adireshin wani dandali na masu tara irin waɗannan abubuwa.

Na yi rajista a dandalin, na sa hoton, na rubuta da Turancina na ma'aikaci cewa an samu wannan a cikin dutse a arewa maso gabashin Nijeriya, ina neman a taimaka a faɗa mini na mene ne.

Da safiyar Alhamis na tarar da amsoshi. Wani ya ce na ɗan doki ne. Wani ya ce haƙorin mutum ne, in gaggauta kai wa 'yan sanda. Na nuna wa Dakta wannan, muka yi dariyar da ba mu yi ba tun Talata. Sai mai kula da dandalin ya shigo, ya ce hotona bai isa a yanke hukunci ba. In sake ɗauka a hasken rana, ta gaba da baya da sama da ƙasa, in ajiye rula a gefe, in kuma faɗi irin dutsen da inda aka ɗebo shi. Gaskiya na ɗan ji haushi, mutum mai furfura ana ba shi umarni kamar ɗalibi. Amma na ga abin da yake nema shi ne daidai abin da ni ma nake nema daga likita idan ya turo mini awo mara kyau. Na yi yadda ya ce.

Ya kuma ce in ɗiga ruwan khal, wato ruwan tsamin nan na girki, a kan abin da ya cika ramin in ga ko zai yi kumfa. Dakta ta ce kayan shaida ne, ba za mu taɓa shi mu kaɗai ba. Aka kira kofur ya zo ya tsaya, na ɗiga ɗigo ɗaya. Ƙananan kumfa suka taso. Na rubuta musu, suka ce alamar dutsen farar ƙasa ce, irin wanda yawanci ke haɗuwa a ƙarƙashin teku.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata tsohuwa ta yi magana. Daga bayanin da ke shafinta, malamar makaranta ce da ta yi ritaya a wata ƙasa ta Turai, ta shafe shekaru tana bin ramukan haƙar dutse tana tsintar haƙoran kifi. Ta sa hoton wani haƙori daga cikin nata kusa da nawa. Da ba don nata ya ɗan fi ja ba, sai ka ce tagwaye ne. Ta ce a ganinta haƙorin gaba ne na wani kifin teku da ya ƙare a duniya tun da daɗewa, mai faffaɗan jiki, wanda ke cin dodon koɗi da makamantansu. Da na gaban yake tsinko su, sannan ya niƙe su da wasu haƙora da ke jere a cikin bakinsa. Amma ta ce ita ba ta rantsuwa a kan hoto. In koma wurin dutsen. Idan ta yi daidai, akwai yiwuwar in ga sauran haƙoran, baƙaƙe, masu santsi, a jere kamar wake.

Wani mutum ya ce shi yana ganin wani kifin ne dabam, suka yi ta musu cikin ladabi, kowa na kawo hotonsa. Wani kuma ya ce ya san akwai irin wannan dutse a kwarin Binuwai, daga zamanin da teku ta shigo har nan, kuma bai kamata in dogara da su kaɗai ba tunda akwai sashen nazarin duwatsu a jami'ar da ke kusa da ni. Na yi shekaru ina wucewa ta Sangere inda jami'ar take, ban taɓa tunanin akwai abin da zai haɗa ni da wancan sashe ba.

Ranar Juma'a da sassafe Sufeto Garba ya fito da Vandi, ba ankwa a hannunsa, muka tafi wurin fasa dutsen. A nan na fara ganinsa. Siriri ne, zai yi shekara arba'in, leɓensa na ƙasa a kumbure. Mata ne suka fi yawa a wurin, kowace da gudumarta da tarin tsakuwarta. Vandi ya ce yawancin dutsen da ake kawowa mai tauri ne, amma makon jiya wata tifa ta juye wani mai launin toka da direban ya ce daga wajen Numan ya ɗebo. A cikinsa ya fasa wani ya rabu biyu. Ya ciro haƙorin daga ɓari ɗaya, ya jingina ɓarin a gindin bishiya don ya ga wasu baƙaƙen abubuwa a jiki.

Muka je gindin bishiyar, babu dutse. An riga an farfasa fiye da rabin tarin. Masi, wadda ta biyo mu wurin, ita ce ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana tambaya da yarensu, har wata dattijuwa ta ce ita ta ɗauka ta yi murhu da shi, don yana da faɗi. Aka sauke mata tukunyar kunu, aka jawo dutsen, aka zuba masa ruwa aka goge toka.

Suna nan. Layi biyu cikakku da guntun na uku, baƙaƙe, masu santsi, wasu zagaye wasu dogaye kamar wake. Can gefe kuma akwai ɗan gurbi. Sufeto ya buɗe ambulan da kansa, ya ɗauki haƙorin ya sa a gurbin. Ya zauna daram.

Ya daɗe a tsugune yana kallo. Sannan ya ɗago ya ce wa Vandi, "Malam, ka faɗi gaskiya tun ranar farko."

Daga nan muka wuce jami'a da dutsen a bayan mota. Muka samu wani malami a sashen, ya duba da ɗan gilashinsa na hannu, bai ɗauki minti biyar ba ya ce tsohuwar ta yi daidai. Ya buɗe wani kabad ya nuna mana bawon halittun teku da ɗalibansa suka tsinto a wannan yanki. Ya ce miliyoyin shekaru ne. Sufeto ya tambaye shi sau biyu ko da gaske yake teku ta taɓa kwanciya inda ake noman dawa yanzu. Ni dai na ce Allah ne ya san adadin shekarun, amma ga dutse a gabanmu. Malamin ya rubuta mana wasiƙa a takardar sashensu kafin a tafi masallaci, domin rahoton asibiti ba zai ce wasu mutane a intanet sun ce ba.

Dakta ta rubuta rahotonta ta haɗa da wasiƙar da hoton na'ura. Ta kuma ce in rubuta takarda da hannuna cewa maganar da na yi ranar Talata ba sakamakon bincike ba ce, na janye ta. Na rubuta, na sa hannu, aka sa a fayil. Kafin magariba aka saki Vandi. Sufeto ya kai shi har wurin mai unguwa, ya yi bayani a gaban mutane don kada wani ya sake tare shi.

Ranar Litinin ya zo asibiti shi da Masi yin godiya. Na shigar da su ɗakina na faɗa masa abin da na faɗa ranar Talata, da yadda ya ƙara masa kwana a tsare, na roƙe shi ya yafe mini. Ya ce, "Baba, ni ma da na fara ganinsa na ɗauka na yaro ne, har na ja da baya. Ya wuce." Abin da ya roƙa kawai shi ne in sake masa bayanin kifin da tekun a hankali. Ya ciro biro ya rubuta a bayan wani tsohon kati, yana tsayar da ni yana tambaya, irin ta malamai.

Da yamma na koma dandalin na sa hoton dutsen da haƙoran a jere. Sai a lokacin na faɗa musu, ba tare da suna ba, cewa amsarsu ta fitar da wani mutum daga tsare. Mutumin da ya yi musu da tsohuwar shi ya fara cewa ita ce da gaskiya. Ita kuwa ta rubuta cewa ta karanta wa mijinta saƙon, kuma daga yau ba zai ƙara yi mata ƙorafin duwatsun da ta cika masa gida da su ba.

Da aka rufe fayil, an miƙa dutsen da haƙorin ga sashen jami'ar, suna nan a kabad ɗinsu da ɗan kati a gefe. Vandi da iyalinsa sun koma gida bayan hanya ta buɗe, ya koma aji. Yakan kira ni lokacin Kirsimeti, ni kuma in kira shi da Sallah. Ni ma ban bar dandalin ba. Tun da na yi ritaya nakan leƙa bayan na karya kumallo. Ban zama masanin kifi ba, amma kusan kowane mako wani zai sa hoton abin da ya tsinta a bakin kogi yana murna, ni ne ke gaya masa cikin lallashi cewa turmin haƙorin saniya ne, ko na alade. Idan kuma na mutum ne, nan ma sun san wanda za su kira. Abin yana mini daɗi fiye da yadda na zata.

Abin da nake so ku riƙe daga wannan labari ba mai yawa ba ne. Idan kana sanye da farar riga, babu maganar da za ka yi a ɗauke ta a matsayin hira. Wanda ke gabanka bai san bambancin "kamar" da "shi ne" a bakinka ba, kuma wataƙila akwai mai rubutawa a bayansa. Na san haƙoran ɗan Adam kamar yadda na san 'ya'yana, wannan sanin ne ma ya sa na yi saurin magana. Waɗancan mutanen na dandali, waɗanda yawancinsu ba su da takardar shaida a wannan fanni, ba wanda na amfana da shi a cikinsu da ya yarda ya faɗi suna kafin ya ga rula a gefen hoto. A wurinsu na koyi hakan ina da shekara hamsin da huɗu. Ku kuna da damar koyonsa yau, ba tare da wani bawan Allah ya kwana huɗu a ofishin 'yan sanda ba.